Waiwaye: Yadda aka gano abin da ke cin ƙwaƙwalwa a cutar mantuwa

A watan Nuwamban 1901 aka kwantar da wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a Jamus. Da zargin mijinta ta fara, har ta kai in an ce ta rubuta sunanta sai ta tsaya a tsakiya. Bayan rasuwarta a 1906, likita Alois Alzheimer ya yanka ƙwaƙwalwarta sala-sala, ya rina, ya duba da madubin likita. Ya tarar ɓawonta ya motse, ga wani abu ya daskare tsibi-tsibi tsakanin ƙwayoyin jijiya, ga wasu zaruruwa sun cukuikuye a cikin ƙwayoyin. A 1910 likita Emil Kraepelin ya raɗa wa cutar sunan Alzheimer.

Daga nan aka kwashe shekara wajen sittin ana ɗaukar ta ciwo ne da ba kasafai ake gani ba. Tsoho kuwa in ya rikice, sai a ce gigin tsufa ne. A 1968 likitoci a Newcastle ta Ingila suka nuna cewa iya yawan daskararrun nan a ƙwaƙwalwar tsoho, iya tsananin rikicewarsa kafin ya rasu. Ashe cutar ɗaya ce.

A 1976 aka gano sinadarin asetilkolin, mai isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya, yana raguwa ƙwarai a ƙwaƙwalwar masu cutar. A kan wannan aka gina maganin donepezil, wanda Amurka ta amince da shi a 1996. Ana farawa da miligiram 5 a rana, bayan wata guda a kai 10. Yana sauƙaƙa alamu na ɗan lokaci, amma ba ya hana ƙwayoyin mutuwa, kuma yakan jawo tashin zuciya, gudawa da raguwar bugun zuciya.

Furotin ɗin da ke daskarewa, amiloyid, an tantance shi a 1984, na zaruruwan kuma, tau, a 1986. Sai dai aikin da ya fi haska lamarin shi ne na Heiko da Eva Braak a 1991. Sun bi sawun tau mataki shida, suka ga yana fara ɓarna ne daga mashigar hifokamfus, sashen da ke ɗaukar sabon abu ya adana. Shi ya sa dattijo zai tambaya sau biyar ko an yi Azahar, alhali surorin da ya haddace a makarantar allo suna nan daram a bakinsa.

An zuba maƙudan kuɗi wajen yaƙar amiloyid. Maganin lecanemab na 2023, wanda ake ɗurawa ta jijiya duk mako biyu, ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin ɗari a wata 18, amma yakan kumbura ƙwaƙwalwa, don haka sai da hoton ƙwaƙwalwa na MRI a kai a kai.

Amiloyid ba shi kaɗai ba ne. Binciken David Snowdon a kan mata masu zaman zuhudu 678 a Amurka ya nuna a 1997 cewa in ƙananan jijiyoyin jini sun toshe a ƙwaƙwalwar da ke da daskararrun, mantuwar ta fi fitowa fili. Wani binciken da ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indianapolis a Amurka ya samu a 2001 cewa masu kamuwa a Ibadan ba su wuce rabin na can ba, kuma hawan jini da ciwon suga sun fi ƙaranci a cikinsu. Wannan ɓangaren ne ya fi kusa da hannunmu. Tsohon da ya fara mantuwa a auna masa jini da suga, a duba bitamin B12 da aikin thyroid, halittar wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, domin mantuwar da matsalar waɗannan biyun na ƙarshe ke haddasawa takan ja da baya in an yi magani da wuri.