Kada ku bar ƙasar lambu tsirara

Ku gwada wannan da rana tsaka. Ku ɗora tafin hannu a kan fangalin da aka ba ruwa da safe, za ku ji ƙasar ta ɗau zafi, samanta ya bushe ya yi ɓawo. Sannan ku ɗaga tulin busasshiyar ciyawar da ya kwana biyu a gefen lambu ku taɓa ƙarƙashinsa: sanyi da laima, wani lokaci har da tana tana motsi. Abin da ya sa ke nan mu malaman gona muke ta naci a kan lulluɓe ƙasa da karan alkama, na shinkafa, ko busasshiyar ciyawa.

Rufin yana tsare laima, sai wahalar ban ruwa ta ragu. Yana hana ciyayi samun hasken tsirowa. Kuma ruwa ba zai riƙa fantsama ƙasa a kan ganyen tumatir ba, alhali ta nan ne wasu cututtukan ganye suke hawa.

A bari shuka ta kai tsawon hannu tukuna. A cire ciyayi, a ba da ruwa sosai, sannan a shimfiɗa karan ko ciyawar da kaurin santimita 5 zuwa 10. A bar fili kamar faɗin yatsu uku kewaye da gindin kowace shuka, don kara mai laima idan ya manne mata ruɓar da ita yake yi. Kuma a sama ake ajiye shi, ba a cakuɗa shi da ƙasa. Idan aka binne kara, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi sai su janye sinadarin naitirojin da shuka ke buƙata daga ƙasa, ganyenta ya koma rawaya.

Inda na fi so ku saurare ni shi ne wajen zaɓen abin da za a yi rufin da shi. Karan hatsin da aka riga aka sussuke ba ya ɗauke da iri da yawa. Ciyawar da aka yanka bayan ta yi 'ya'ya kuwa, da irinta take zuwa, sai mutum ya shuka wa kansa aiki. Mafi muni shi ne ciyawar da aka fesa wa maganin kashe ciyayi irin su fikiloram da aminofiralid. Waɗannan sukan daɗe a jikin ciyawa, har cikin kashin dabbar da ta ci su ake samunsu. Tumatir, wake da dankali ba sa jure musu ko kaɗan: sabon ganye ya nannaɗe, ya ƙanƙance, shukar ta tsaya cak. Abin da ke damuna, mai lambu yakan ɗauka cuta ce, ya yi ta kashe kuɗi a kan feshi.

Don haka ku tambayi mai ciyawar ko an yi mata feshi. In ba ku gamsu ba, ku jiƙa ɗan kaɗan a bokiti ya kwana, ku riƙa shayar da wake da kuka shuka a tukunya da ruwan, wata tukunyar kuma da ruwa zalla. Bayan mako 2 zuwa 3 ku kwatanta ganyen.

Gara, ɓeraye da dodon koɗi su ma suna son wannan inuwar. Duk mako ku sa sanda ku ɗaga rufin ku duba, in ya lafe ya yi siriri ku ƙara sabo a kai.