Mike Tyson: lalacewar ta fara tun 1988

Tun da Mike Tyson ya sake sa safar dambe a Nuwamban 2024 yana ɗan shekara 58 ya kara da Jake Paul, tauraron YouTube da ya koma dambe, musun nan bai mutu ba, wasu na cewa gwarzo ne da ya ga jiya ya ga yau, wasu kuma na cewa mai laifi ne kawai da suna ya rufa wa asiri. Kowa dai abin da yake jawowa shi ne hukuncin fyaɗe na 1992 a Indianapolis, inda aka yanke masa shekara shida ya yi uku, da cizon da ya yi wa abokin karawarsa Evander Holyfield a kunne a 1997. Sai ka ɗauka rana ɗaya mutumin ya tashi ya lalace.

Farkon labarin kowa ya sani. An haife shi a 1966 a Brooklyn, ya taso a unguwar Brownsville, kafin ya cika 13 'yan sanda sun kama shi fiye da sau talatin. A gidan gyaran halin yara aka gano ƙarfinsa aka kai shi wajen tsohon koci Cus D'Amato a Catskill, wanda ya zama uban riƙonsa bayan rasuwar mahaifiyarsa. D'Amato ya rasu a Nuwamban 1985, shekara guda bayan nan Tyson ya doke Trevor Berbick ya ɗauki kambun ajin masu nauyi yana ɗan shekara 20.

To amma shekarar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce 1988, kuma ni a ganina a nan igiyar ta tsinke. Akwai wani mutum Jim Jacobs, manajansa, aminin D'Amato ne kuma shi ke da tarin finafinan tsofaffin damben da Tyson yake zama yana kallo tun yana yaro, yana nazarin yadda mazan jiya suke kaucewa da kai naushi. Bayan D'Amato, Jacobs ne ya rage wanda yaron yake jin nauyinsa. A watan Maris na 1988 sankarar jini ta kashe shi. Ku duba abin da ya biyo baya cikin 'yan watanni: a Yuni ya gama da ɗan dambe Michael Spinks cikin daƙiƙa 91, kuɗi suka shigo kamar ruwa, a Agusta ya yi faɗan titi a Harlem ya karya hannu, a Satumba ya daki bishiya da mota, aurensa na ta tangal-tangal a gaban kyamarorin talabijin, kafin shekarar ta ƙare kuma ya rabu da Kevin Rooney, kocin da ya san salon D'Amato ciki da bai, wanda yake kira masa lambobin naushi daga gefe yana bi. Ɗan shekara 22 fa ake magana, da miliyoyin daloli, babu uwa babu uban riƙo, kuma babu sauran mutum ɗaya da zai kalle shi ido da ido ya ce masa bari.

Wannan ba uzuri ba ne, wallahi yarinyar da aka zalunta a Indianapolis a 1991 shekararta 18, ba ruwanta da marayantakarsa, kuma kotu ta yi aikinta. Abin da nake cewa shi ne alamun sun fito fili shekara uku kafin nan, duniya na ta tafi saboda yana cin wasa.

Ko a fagen ma ya nuna. Rausayar kan nan da hannaye a kunci da aka san shi da ita ta ragu, ya koma neman naushi ɗaya mai gamawa. A Tokyo, Fabrairun 1990, da abokin karawarsa Buster Douglas ya kumbura masa ido, mutanen kusurwarsa safar roba suka cika da ruwan ƙanƙara suka ɗora masa. A turmi na goma ya faɗi yana lalubar robar bakinsa a ƙasa.