Jigo da hujja a rubutun muhawara: ma'anarsu da yadda ake koyar da su

A darasin auna fahimta, jigo shi ne matsayin da marubuci ya ɗauka, wato abin da yake so mai karatu ya yarda da shi bayan ya ajiye takardar. Hujja kuwa ita ce abin da ya dogara da shi: alƙaluma, sakamakon gwaji, shaidar wanda ya gani da idonsa, ko bayanin masanin fannin. Ɗalibanmu sun saba da jigo a waƙa da ƙagaggen labari, inda kalma ɗaya kan wadatar, a ce "tarbiyya" ko "kishi". A rubutun muhawara kalma ɗaya ba ta isa, kuma a nan ne da yawa ke tuntuɓe.

A ba 'yan babbar sakandare a Gusau rubutu kan gubar dalmar da ke cikin duwatsun zinare, sai ka ga rabin aji sun rubuta "haƙar zinare". Wannan batu ne kawai. Jigon shi ne: "Dole a daina niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje." Gwajin da malami zai koya musu mai sauƙi ne: shin wani zai iya cewa "ban yarda ba"? Idan babu abin musu a jimlar, ba a kai ga jigo ba tukuna.

A darasin minti 40, a raba rubutun da bai wuce shafi ɗaya ba. Minti 10 na farko kowa ya karanta shi kaɗai, ya rubuta jigon cikin jimla guda da kalmominsa, ba tare da kwafa ba. Hana kwafar na da dalili: yara kan ɗauki jimlar farko su ce ita ce, alhali marubuta da dama sai can ƙasa suke bayyana matsayinsu, bayan "saboda haka" ko "amma". Daga nan a zauna biyar-biyar, a ja layi da fensir ƙarƙashin duk abin da aka kawo a matsayin hujja.

Auna hujjar shi ne babban aikin, kuma yaranmu ba baƙinsa ba ne. Wanda ya zauna a Islamiyya ya san ana tambayar wa ya rawaito hadisi kafin a yi aiki da shi. Wannan ɗabi'ar ce za a kawo aji: wa ya faɗa, yaushe, ta yaya ya sani, me zai samu idan aka yarda da shi?

A koma ga misalin dalma. A 2010 yara sun riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne, maganinsa bai yi aiki ba. Sai da aka auna jinin yaran da ƙasar gidajensu aka gano dalma, wadda ta kashe yara fiye da 400. Hujja ce mai ƙarfi, domin an auna, kuma awon ya kore wani zaton.

Ga mai rauni kuma: "Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi a Birnin Kebbi a 2015 noman shinkafa ya haɓaka, don haka shirin ne sanadi." Shekarar daidai ce, amma zuwan abu bayan wani ba ya nuna shi ya haifar da shi. Ɗalibi mai lura zai yi tambaya kan rufe iyakoki a 2019, da farashi, da noman rani. Yaro ɗan Argungu ko Kamba ya fi littafi sanin waɗannan. A bar shi ya yi magana.

Karin magana ma tana ruɗar ɗalibai. Tana ƙawata zance, amma ba ta tabbatar da komai, haka nan "kowa ya sani" da labarin mutum ɗaya mai sosa zuciya. Wajen ba da maki, kada malami ya duba ko ɗalibi ya goyi bayan marubucin. Ya duba ko ya nuna layin da hujjar take, ya kuma faɗi a jimla ɗaya abin da ya sa ta isa ko ta gaza.