Haɗa Jita da Hannu

Jita marar lantarki kayan kiɗa ce mai tsirkiya shida wadda sautinta ke fitowa daga jikin katakonta, ba daga lasifika ba. Yawancin waɗanda ake gani a kasuwa aikin masana'anta ne, amma akwai mutane, musamman a Amurka da Turai, da suka ɗauki haɗa ta da hannu a matsayin abin sha'awa. Wani malamin makaranta ne, wani ɗan fansho, ya ware lungu a gareji yana taɓa aikin da yamma da ranakun hutu. Jitar farko kan ci watanni, wata ma ta haura shekara. A Amurka masu wannan aiki suna da ƙungiya tun 1972, wato Guild of American Luthiers da ke birnin Tacoma.

Inda siffar ta samo asali

Mutum biyu ne suka shata hanyar da kusan kowa ke bi a yau. Na farko Antonio de Torres (1817–1892), mutumin Almeriya a ƙasar Sifen, wanda ya faɗaɗa jikin jita ya kuma rage kaurin fuskarta, wato katakon gaba da tsirkiyoyi ke bi ta kansa. A 1862 ya haɗa wata jita da gefenta da bayanta na kwali ne, fuskar kaɗai ce ta katako mai kyau, don ya nuna cewa a fuska muryar take. Jitar tana nan a gidan tarihin kiɗa na Basalona.

Na biyu C. F. Martin, Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1833, daga baya ya zauna a garin Nazareth na jihar Pensilbaniya. Gidansa ne ya yi suna da tokaren da ke gicciye a ƙarƙashin fuska kamar harafin X, wanda daga baya ya dace da tsirkiyar ƙarfe. Mai son haɗa jita sai ya fara zaɓar ɗaya: ko ta Sifen mai tsirkiyar nailan, ko ta Amurka mai tsirkiyar ƙarfe.

Katako

Fuska ana yin ta da itace marar nauyi amma mai ƙarfi, galibi sifurus daga Alaska da yammacin Kanada ko daga tsaunukan Turai. Ana tsaga gungume ɗaya gida biyu a buɗe shi kamar littafi, a manne gefe da gefe, ta yadda zanen dama zai yi daidai da na hagu. Baya da gefe kuwa itace mai tauri suke so, kamar roswud ko mahogani. Roswud na Barazil shi ne abin alfaharin dā, amma tun 1992 yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta tsaurara cinikinsa tsakanin ƙasashe saboda ya kusa ƙarewa, yanzu galibi na Indiya ake amfani da shi.

Afirka na da hannu sosai a nan. Mahoganin Afirka da ake yin wuya da baya da shi ɗan'uwan maɗaci ne. Katakon safele daga garin Sapele na jihar Delta ya samo sunansa. Baƙin katakon eboni da ake shimfiɗawa a kan wuya, inda yatsu ke dannawa, dangin kanya ne, kuma mai yawa daga dazukan Kamaru yake fita.

Fuska da haƙarƙarinta

Nan ne zuciyar aikin. Wanda ya san gurmi ko garaya ya san fatar da aka rufe ƙwarya da ita ce ke amsa tsirkiya. A jita, fuskar katako ce ke yin aikin wannan fata. Ana kankare ta har kaurinta ya dawo kamar milimita 2.5 zuwa 3, alhali tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan ta da ƙarfin da ya kai kilo 70, dare da rana, shekara da shekaru. In ta yi kauri, jita ta zama kurma. In ta yi siriri da yawa, ta kumbura ta tsage.

Maganin shi ne ƴan sandunan sifurus da ake mannawa ta ciki, kamar haƙarƙari. Bayan gam ya kama, mai aikin zai ɗauki kurfi yana fere su kaɗan-kaɗan. Sai ya riƙe fuskar da yatsa biyu kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ya saurara. Da farko ƙarar gajeriya ce, busasshiya, kamar an buga ƙofa. Yana ƙara ferewa tana ƙara daɗewa a iska, har ta koma kamar amon ganga daga nesa. Sanin inda za a dakata ba ya cikin ma'auni, hannu da kunne ne ke koyonsa, kuma abin da aka fere ya tafi ke nan. Sabon shiga yakan ji tsoro ya bar katako da yawa, shi ya sa jitar farko takan fito da nauyi da ƙarancin murya. Gara hakan da a wuce gona da iri, domin mai nauyi dai za ta kaɗu.

Gam iri biyu ake amfani da shi: na kafintoci na zamani, ko tsohon gam na fatar dabba da ake narkarwa a ruwan zafi. Na fata yana saurin daskarewa, amma zafi da laima na sake kwance shi, don haka mai gyara ba ya shan wahala bayan shekaru.

Gefe da wuya

Katakon gefe, mai kaurin kamar milimita 2, ana ɗan jiƙa shi a riƙa goga shi a jikin bututun ƙarfe mai zafi har ya yi laushi ya ɗauki siffar ƙugu. Gaggawa a nan karya katako take yi. A cikin wuyan jita mai tsirkiyar ƙarfe kuma ana binne sandar ƙarfe mai noti, wadda ake juyawa in wuyan ya fara lanƙwasa.

Ƙarafan da ke gicciye a kan wuya, waɗanda ake kira firet, lissafi ne tsagwaronsa. Ana raba tsawon tsirkiya da 17.817 a sami wurin na farko, a sake raba abin da ya rage da wannan adadi a sami na biyu, haka har ƙarshe. A jitar Sifen mai tsirkiyar milimita 650, na farko na faɗawa a kan 36.5, na goma sha biyu kuma a tsakiya cif, 325. Kuskuren rabin milimita kunne zai ji shi.

Shafe

Masu sha'awa da yawa sun fi kokawa da wannan mataki fiye da kowanne. Ana bin jikin da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a cike ƙofofin da ke jikin mahogani da roswud, sannan a shafa. Tsohuwar hanya ita ce shalak, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Ana narkar da shi a sifirit, a ɗiga a dunƙulen auduga da aka naɗe a tsumma, a riƙa zagayawa a kan katako ba tare da hannu ya tsaya ba, domin inda ya tsaya nan zai bar tabo. Kwanaki ake yi ana maimaitawa. Wahalar ta cancanta, saboda shalak ba ya yin kaurin da zai danne muryar fuskar da aka sha wuyar ferewa. Wata hanyar ita ce feshin wani ruwan shafe mai sheƙi da ake kira laka (lacquer), wadda ta yaɗu daga shekarun 1920. Ta fi juriya, amma warinta na da illa kuma tana kama wuta, sannan sai an jira makonni ta bushe kafin a goge ta ta yi sheƙi.

Ɗaura tsirkiya da adanawa

Daga ƙarshe ake manna katakon da ke riƙe tsirkiya a kan fuska, irin abin da makaɗan goge ke kira jaki. Dole a kankare shafen wurin, katako ya haɗu da katako. Ƙashin saniya ake ferewa a sa a kan jakin da kuma saman wuya, inda a dā ake sa hauren giwa. Ana rage tsayinsa har tazarar tsirkiya da firet na goma sha biyu ta zama kamar milimita 2 zuwa 2.5.

Katako ba ya daina shan laima da fitar da ita, don haka ake haɗa jita a ɗakin da laimarsa take tsakanin kashi 45 da 50 cikin ɗari. Wadda aka haɗa a irin wannan ɗaki, in ta faɗa cikin hunturun Kano ko Damagaram, fuskarta kan tsuke har ta tsage daga jaki zuwa gindi, bakin ƙarafan wuya kuma su fito suna karce yatsu. Masu jita a busassun wurare sukan ajiye ta cikin akwatinta tare da jiƙaƙƙen soso a ƙaramin gwangwani mai huji, suna sake jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku har sanyi ya wuce.