Kurosoba: iyakar da ke tsakanin wufa da ƙananan sifiku

Duk wanda ya sayi wufa a kasuwar Maradi, irin mai ƙananan sifiku biyar da ƙaton akwati guda (akwatin nan shi ne ainihin wufa, mai fitar da bes, wato sauti mai kauri), in ya leƙa bayan akwatin ko cikin saitin amfili, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, zai iya cin karo da wani maɓalli mai lambobi, wajen 40 zuwa 200. Masu gyara suna ce masa kurosoba. Da yawanmu mukan murɗa shi har ƙarshe, a zatonmu ƙarin bes ne. Alhali aikinsa shata iyaka.

Ana auna kaurin sauti ko sirantakarsa da Hz, wato sau nawa iska ta girgiza a daƙiƙa guda; ƙaramar lamba sauti mai kauri ke nan, babba kuwa siriri. Lafiyayyen kunne yana ji daga 20 zuwa 20,000. Kalangu yana can sama-sama. Tambarin fada kuwa, wanda kake jin dukansa a ƙirji ranar hawan Sallah, yana ƙasa. To sifikar da ba ta fi tafin hannu ba, ina ta ga ƙarfin tura iskar tambari? In ka matsa mata sai ta dinga kakari, muryar mai magana a fim ta cushe, wata rana ta ƙone.

Kurosoba ita ke raba aikin. Sautin da ke ƙasa da lambar Hz da ka zaɓa a maɓallin a miƙa wa wufa, na sama a bar wa ƙananan. Kamfanin THX na Amurka ya tsayar da 80, aka bi shi, domin ƙasa da nan kunne ba ya saurin gane inda sauti ke fitowa. In sifikunka ƴan mitsi-mitsi ne, ɗaga zuwa 100 ko 120. In amfili ya tambaye ka ko sifikun manya ne ko ƙanana, ce ƙanana ko da kana ganinsu da girma, don sai da haka yake kwashe musu bes ya kai wa wufa. Shi kuwa ɗigo ɗayan da ke cikin 5.1, sunan da ake kiran tsarin sifiku biyar da wufa guda, layin sauti ne na daban da masu fim suka ware wa tsawa da fashewa, yana tsayawa a 120.

Inda aka fi shan wahala shi ne ɗakin kansa. Igiyar sauti mai 40 Hz ta haura mita 8, ta fi yawancin falonmu tsawo. Ga bangon siminti, ga tayil. Sai ta bugi bango ta dawo ta haɗu da mai zuwa: a nan bes ya yi ta rugugi, taku biyu gaba ka neme shi ka rasa. Kusurwa tana ƙara masa ƙarfi, amma sau da yawa ƙugi ne kawai.

Ni dabarar da ta fisshe ni, na ɗora wufar a kan kujerar da nake zama, na kunna kiɗa, na bi gefen bango da rarrafe ina saurare. Ƙaramar ƴata ta tsaya bakin ƙofa: “Baba, me ya ɓace?” Inda na ji bes ya fito tas, kusa da taga, nan na ajiye ta, na sa mata ninkakkiyar darduma a ƙasa. Da dare kuwa ina rage ta, don maganar fim katanga na tare ta, amma bes ratsawa yake har ɗakin maƙwabci.