Daga tama zuwa marmara: me sunayen ƙasa da ma'adinai suke nufi?

Dutse da ma'adini ba abu ɗaya ba ne?

Ba abu ɗaya ba ne. Ma'adini abu ne mai asali guda, kamar zinari ko gishiri. Dutse kuwa yawanci haɗin ma'adinai ne da dama. Ka duba ɓallin dutse irin na Kufena a Zariya, za ka ga ɗigo-ɗigo, wani fari, wani baƙi, wani yana ƙyalli. Kowane ɗigo ma'adini ne daban. Dutsen da yake ɗauke da ƙarfen da ya isa a narka a fitar, shi maƙera suke kira tama. Tama ce ta zaunar da maƙeran farko a gindin Dala a Kano, ita ce kuma take jibge a Itakpe ta jihar Kogi.

Mene ne bambancin kuza da dalma?

Nan ne ya kamata a tsaya, domin ruɗa su yana da haɗari. Kuza baƙin tsaki ne mai nauyi da ake wankowa daga yashi, a narka shi a samu farin ƙarfen da ake shafe gwangwani da shi. Ita ta kawo kamfanonin Turawa Jos a farkon ƙarni na 20, kuma manyan kududdufan da ke kewayen Bukuru ramukan haƙarta ne. Tun kafin zuwansu ana narka ta a Ririwai.

Dalma kuwa guba ce. A shekarar 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 sun rasu saboda dutsen zinarin da ake dakawa a cikin gidaje yana haɗe da dalma. Ƙurar ta sauka a tsakar gida, inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba. Sun san suna daka zinari, ba wanda ya gaya musu sunan abin da ke tare da shi. Wani tozalin gargajiya ma daga dutsen dalma ake yin sa, don haka a yi hattara da sa wa jarirai.

To, zaiba fa?

Ƙarfe ce mai gudana kamar ruwa. Masu haƙa suna zuba ta cikin garin dutse ta kama zinari, sannan su ƙona dunƙulen ta tashi ta bar zinarin. Hayaƙin nan yana lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma wanda ke kan wutar shi ya fi shaƙa.

Sunayen da manomi yake ba ƙasa sun dace da na masana?

Sosai ma. Masana suna rarraba ƙasa da girman ƙwayarta: yashi ya fi girma, har zuwa milimita 2, yumɓu kuwa ƙwayarsa ba ta kai milimita 0.002 ba. Manomi bai auna ba, amma ya san jigawa tana sakin ruwa da wuri, shi ya sa yake ba ta gero da gyaɗa. Fadama mai laka tana riƙe ruwa, sai ya kai mata shinkafa da rake. Fako ya daskare, ruwa bisa yake bi ya wuce. Marmara kuwa jan nata tsatsar ƙarfe ce, dalilin da ya sa ta fi kyau a shimfiɗar hanya fiye da shuka. A ganina, duk malamin gona da ya fara da waɗannan sunaye ya fi saurin samun kunnen manomi.

In kana so ka gwada, jiƙa ƙasar ka murza a tafin hannu. In ta yi igiya ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa. In ta warwatse, yashi ne.

Me ake nufi da ƙasa ta yi tsami?

Akwai ma'auni mai suna pH, daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa ne. Yawancin amfanin gona ya fi son tsakanin 6 da 7. In tsami ya yi yawa, saiwa ba ta iya shan takin da aka zuba, ko buhu nawa ne. Tokar murhu tana rage shi, haka ma garin dutsen siminti irin wanda ake fasawa a Kalambaina ta Sakkwato.