Faramedik: ba direba ba ne, ba kuma rabin likita ba

Tun da aka soma tsarin agajin gaggawa na ƙasa, wato NEMSAS, a Abuja cikin 2022, jihohi kuma suka fara bin sahu, kalmar faramedik ta faɗa bakin 'yan jarida da masu jawabi a taro. A wurin bikin karrama ma'aikata aka fi yi mata kisan gilla. Mai gabatarwa zai kira wanda zai karɓi lambar yabo, ya furta kalmar da ƙyar, sannan don ya sauƙaƙa wa jama'a ya ce, "wato direban motar asibiti." Wani ya ce ƙaramin likita. Wani kuma ya tattaro ma'aikatan ɗakin gwaji da masu ɗaukar hoton ƙashi ya zuba su duka a buhu ɗaya.

Na ƙarshen nan yana da ɗan uzuri. A asibitocinmu an daɗe ana cewa "faramedikal" ga duk ma'aikacin da ke tallafa wa likita, daga mai auna jini har mai gashin ƙashi. Tushen kalmomin ɗaya ne: "para" a Girkanci na nufin a gefen abu, ko kusa da shi. Babu ma'anar rabi a ciki ko kaɗan. Akwai ma lokacin da sojojin Amurka suka riƙa kiran malaman jinyarsu masu dira da lema da wannan suna, amma wancan "para" ɗin daga sunan lemar dira ya fito, kama ce kawai ta zo ɗaya. Faramedik na yau sana'a ce guda: mutumin da aka horar ya duba majiyyaci, ya yanke shawara, ya fara magani tun a bakin titi ko tsakar gida, ya kuma riƙe ran nan har ƙofar asibiti, ba likita a kusa da shi.

Kiran sa direba ne ya fi ci mini rai, domin yana ɓoye aikin gaba ɗaya. A ɗauki wanda zuciyarsa ta tsaya. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in jini bai kai mata ba, kuma ba motar da za ta kai shi asibiti a wannan lokaci. Aikin a nan ƙasa ake yin sa: a danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, bayan danni 30 a hura iska sau 2, a canja mai dannawa duk minti 2 domin hannu na yin sanyi tun mai shi bai ankara ba. A liƙa na'urar lantarki a karanta bugun zuciya. In zuciyar na karkarwa ne a ba ta wuta. In layin ya miƙe sumul, wuta ba ta da amfani, duk da abin da ake gani a finafinai. Sai danni da allurar adiranalin, miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5.

Ko wanda mota ta yanke wa cinya. Ɗaurin tsaida jini ana sa shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, a murɗa har jinin ya tsaya cak, a rubuta lokaci a jikinsa. Ɗaurin da ya yi sako-sako ya fi rashinsa muni: yana toshe jijiyar da ke maida jini zuciya, ya bar mai kawo shi a buɗe, sai zubar ta ƙaru. Ko dattijon da aka samu yana gumi yana surutai, 'yan uwa na cewa iska ce, 'yan kallo na cewa maye ne. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya nuna sukarinsa ya sauka ƙasa da 4 a ma'auni, wato ya yi ƙasa ƙwarai, aka ɗura masa gulukos ta jijiya, kafin minti goma yana tambayar ina hularsa. Har lissafi akwai a ciki. Matsakaiciyar tukunyar oksijin mai lita 680, in aka buɗe ta lita 15 a minti, minti 45 za ta yi. Tafiyar awa biyu zuwa babban asibiti tana son irinta uku, kuma wanda bai yi wannan lissafi kafin a tada mota ba, zai gane kuskurensa a tsakiyar daji.

Yadda sana'ar ta samo asali ya isa ya kashe gardamar. A 1966 wata cibiyar masana kimiyya ta Amurka ta fitar da rahoto kan mace-macen haɗurra, inda ta nuna kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya a ƙasar masu sana'ar binne gawa ne ke yin sa, don kawai su ke da doguwar motar da mutum zai kwanta a ciki. A birnin Pittsburgh 'yan sanda ne ke jefa majiyyaci a bayan motarsu, ba kowa a gefensa, kuma unguwar baƙaƙen fata ta Hill District ko hakan ba ta cika samu ba. A 1967 aka kafa Freedom House, wata ƙungiyar motocin ɗaukar marasa lafiya, aka ɗebo samarin unguwar, da yawansu marasa aikin yi, wasu ko sakandare ba su gama ba. Wanda ya horar da su shi ne Dokta Peter Safar, likitan sa barci ɗan asalin Ostiriya, wanda ake jingina masa hanyar farfaɗo da numfashi da zuciya da duniya ke bi yau. Shekara guda kafin nan 'yarsa ƙarama ta rasu sanadin asma, agajin da ya dace bai riske ta da wuri ba. Ya sa samarin suka yi wata da watanni suna zagaya ɗakin tiyata, ɗakin haihuwa da sashen gaggawa, suka koyi sa ƙarin ruwa, karanta hoton bugun zuciya, da zura bututun numfashi a maƙogwaro. Har ta kai 'yan sandan da ke raina su, in nasu ya ji rauni, su suke nema a kira. Likitarsu ta ƙarshe, Nancy Caroline, ita ta rubuta manhajar da Amurka ta ɗauka ta horar da faramedik.

To me aka saka musu da shi? A 1975 hukumar birnin ta janye kuɗi, ta buɗe nata tsarin da yawancin ma'aikatansa farare ne, Freedom House ta rufe. Sai bayan shekaru masu yawa aka dawo ana neman waɗanda suka rage da rai ana rataya musu lambobi. Birtaniya ma ba ta fi ba: 'yan sanda na da lambar yabon sarauta tun 1909, ma'aikatan ambulan sai 2012 aka fara ba su tasu. Muddin ana ganin mutum direba ne, me za a karrama, iya taka totur?

Ba wai tuƙin ƙaramin abu ba ne. Burki ɗaya na ganganci ya isa ya ƙarasa mai karayar ƙashin wuya, kuma danna ƙirji a motar da ke tsalle a ramuka aikin banza ne. Jiniya da gudu ba sa rage wa tafiya fiye da 'yan mintuna, amma suna ƙara haɗari sosai. Direban kirki abokin aiki ne, a ƙasashe da yawa ma ma'aikatan biyu ne ke karɓa-karɓar sitiyari. Sai dai matakai ne daban-daban. A Amurka ma'aikacin matakin farko kan yi horon awa 120 zuwa 150, faramedik kuwa ya haura awa 1,000. A Birtaniya sunan na ƙarƙashin kariyar doka, wanda ba shi da rajista ya kira kansa haka ya yi laifi. Mu nan riga mai ƙyalli ta wadatar.

Ita kanta kalmar ambulan haka aka yi mata. A Faransanci asalinta asibiti mai tafiya ne, wanda ke bin rundunar yaƙi. Yau ɗan siyasa zai sayo bas, ya cire kujeru, ya sa jiniya, ya manna hotonsa a gefe, babu oksijin, babu na'urar zuƙe majina, babu wanda zai zauna a baya, kuma shi za a kira a ba wa lambar "ceton rayuka". Bayan wata shida motar ta koma jigilar gawa zuwa ƙauye.

Kwamitin da ke son ya karrama faramedik na gaske ba sai ya sha wahala ba. Ya nemi takardun miƙa majiyyaci da ake bari a sashen gaggawa: me ya faru, ƙarfe nawa, wane rauni aka gani, nawa ne hawan jini da bugun zuciya a wurin da kuma a hanya, me aka ba shi, nawa, yaushe. Ya tambayi nas ɗin da ke karɓar marasa lafiya da dare wane ne in ya kawo mutum ba sai an sake komai daga farko ba. Ya buɗe motar da asuba ba tare da sanarwa ba, ya duba ma'aunin tukunyar oksijin, da cajin na'urar zuciya, da ranar lalacewar da ke jikin kwalaben adiranalin.